Allo Ɗaya, Dusa Iri-Iri: Yadda Ake Zaɓen Allon Zamiya da Tsawonsa

Duk shagon kayan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da mutum ya shiga, a Chamonix ta Faransa ne ko Innsbruck ta Ostiriya ko Denver ta Amurka, zai tarar jerin da ya fi kowanne tsawo a jikin bango shi ne na allunan da aka yi wa laƙabi da "na ko'ina a kan dutse". Kamfanoni sun daɗe da gane cewa yawancin masu saye ba za su tara alluna kala uku ko huɗu a gida ba. Tagwai ɗaya za su saya, na dama da na hagu, su yi shekaru suna fama da su. Shi ya sa kowane kamfani ke bugun ƙirji cewa nasa yana kama daskararriyar ƙanƙarar safiya, yana shawagi a kan sabuwar dusa, yana kuma ratsa caɓin la'asar. Maganar ba ƙarya ce zalla ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, duk abin da aka ƙara wa allo don ya iya wata dusa, daga wani wurin aka rage shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Aikin mai saye shi ne ya san me aka rage, ya kuma tabbatar ba abin da ya fi buƙata ba ne.

Batun ya fara shafar 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Kanada, Jamus, Norwe ko arewacin Amurka, inda hunturu ke cinye kusan rabin shekara, abokan aiki kuma ke jan mutum zuwa dutse ran Asabar. A nan ana magana ne kan allunan gangarowa daga kan dutse, irin wasan da Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Ghana a cikinsa a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010. Siraran allunan tsere a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, irin waɗanda Samuel Ikpefan ya hau da sunan Nijeriya a Beijing a 2022, wani fanni ne daban mai nasa lissafin.

Kafin a taɓa allo, sai an fahimci dusar. Wanda bai taɓa taka ta ba yana ɗauka abu ɗaya ce, fara mai sanyi. Alhali idan aka cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska da sabuwar dusar da ta sauka cikin tsananin sanyi, nauyinta bai cika wuce kilo 50 zuwa 100 ba, saura duk iska ce. Akwatin nan da ruwa kilo 1,000 ne. Da ƙanƙara tsantsa ya haura kilo 900. Dusar da injuna ke fesawa tana kaiwa kilo 400 zuwa 500. Tsakanin waɗannan lambobi duk rigimar take. A kan ta farko allo nutsewa yake yi, abin da ake nema shi ne ya taso sama. A kan ta ƙarshe ba ya nutsewa ko kaɗan, abin da ake nema shi ne siririn ƙarfen da ke gefensa ya ciji ƙasa ya riƙe.

Kowace ƙasa da irin tata. A jihar Utah ta Amurka, inda har a lambar mota suke rubuta cewa tasu ta fi ta kowa a duniya, dusar busasshiya ce, marar nauyi. A tsibirin Hokkaido na Japan, iska mai sanyi daga Saiberiya ke ɗebo laima a kan Tekun Japan ta juye ta a wurare irin su Niseko, kusan kullum a watan Janairu. A tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya kuwa, dusar na zuwa da ruwa a jikinta, mai nauyi, har mutanen wurin suna kiran ta siminti. Arewa maso gabashin Amurka, irin su Vermont, an san su da narkewa da sake daskarewa, hanya ta wayi gari tana ƙyalli. Tsaunukan Alps na Turai suna da kowanne, gwargwadon tsawon dutse da watan da aka je.

Kuma ko a dutse ɗaya, a yini ɗaya, dusar ba ta tsayawa wuri guda. A watan Maris a Alps, da ƙarfe tara na safe hanyar da manyan motoci suka daddale cikin dare tana da tauri, saboda abin da ya narke jiya ya daskare. Zuwa ƙarfe sha ɗaya gangaren da ke fuskantar kudu ya fara laushi, samansa ya saki, wannan ce sa'ar da kowa ke jira. Da ƙarfe uku ƙasan dutsen ya zama caɓi mai riƙe ƙafa, dubban mutane sun ture shi ya taru tsibi-tsibi. Gangaren da ke fuskantar arewa kuma, wanda rana ba ta leƙa ba, yana nan da sanyinsa kamar ba a yi komai ba. Duk wannan allo ɗaya ake so ya ɗauka.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata mai saye ya sa a lissafi: dusar inji tana ƙara mamaye wuraren wasa. A Lake Placid a 1980 aka fara amfani da ita a gasar Olamfik, zuwa Beijing a 2022 kusan dukan dusar da aka yi gasa a kai ta inji ce. A yankin Dolomiti na Italiya, mai hanyoyi kimanin kilomita 1,200, kusan ko'ina an kafa injunan fesawa. Ma'ana, ƙasan da matsakaicin ɗan wasa zai fi takawa a Turai mai tauri ce, ba irin tulin dusar da ake nunawa a tallace-tallace ba.

A jikin kowane allo akwai lambobi uku, misali 130-95-115. Milimita ne: faɗin baki, faɗin ƙugu wato inda ƙafa ke zama, da faɗin wutsiya. Ta tsakiyar ce uwa, shi ya sa kamfanoni da yawa ke liƙa ta a sunan allon. Idan ka ga Nordica Enforcer 94, ko Elan Ripstick 96, ko Salomon QST 106, lambar nan faɗin ƙugu take nufi. Allon 'yan tseren kewaya sanduna bai cika wuce milimita 65 zuwa 67 ba. Na gyararriyar hanya, wadda motoci ke daddalewa, yana tsakanin 70 da 80 da ɗoriya. Wanda ake kira na ko'ina ya kama daga 85 zuwa 100 da 'yan kai. Daga 110 zuwa sama na zurfafan dusa ne kawai.

Amfanin faɗi a fili yake. Tafin raƙumi ba ya nutsewa a rairayi inda kofaton jaki ke lumewa, amma a hau fako mai duwatsu a ga wanda ya fi saurin sarrafa ƙafa. Allo mai faɗi yana raba nauyin mutum a fili mai yawa, sai ya taso. Illarsa ce mutane ba su cika hangowa ba sai sun biya kuɗi. Ana shan kwana ne ta hanyar kifa allon a kan gefensa. Idan ƙugun siriri ne, ƙarfen gefen yana kusa da tsakiyar tafin ƙafa, ɗan motsin idon sawu ya isa ya kifa shi. Idan ƙugun ya kai milimita 105, gefen ya yi nisa da tsakiyar ƙafa, ƙasa mai tauri kuma tana tura shi ya koma kwance, dole gwiwa da cinya su yi ta kokawa da shi. Sauyawa daga gefen dama zuwa na hagu ma yana ɗaukar lokaci. Masu bincike a Ljubljana ta ƙasar Sulobeniya sun wallafa wani nazari a 2015 da ya nuna cewa ƙarin faɗin ƙugu a kan ƙasa mai tauri yana sauya yadda gwiwa ke murɗawa, yana tura ta zuwa yanayin da bai dace da ita ba. Wanda ya wuce shekara arba'in, ko gwiwarsa ta taɓa ba shi matsala, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A ganina kuskuren da ya fi yawa a shekarun nan shi ne sayen allon da ya yi faɗi da yawa. Mutum ya kalli bidiyon gwanaye suna yanka dusa har ƙirji a Alaska, ya je ya sayi mai ƙugu 108, sannan ya ƙare hunturunsa a kan daddalalliyar hanya yana zamewa gefe yana zargin kansa da rashin iyawa. A wurin wasa mai cunkoso, sabuwar dusa ba ta kai wa azahar ba a tattake ta ba. Wanda ke zuwa dutse mako ɗaya a shekara, a ranakun da ya riga ya biya kuɗin masauki tun watanni baya, ba shi ne ke zaɓar yanayi ba. Abin da ya tarar shi zai hau.

Bambancin da ke tsakanin lambobin nan uku shi ke haifar da lanƙwasar gefen allo, ita kuma ke yanke irin kwanar da allon ke so. Ana rubuta ta da mita. Idan aka ci gaba da zana lanƙwasar gefen har ta zama cikakkiyar da'ira, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta shi ne lambar. Allon kewaya sanduna yana da kusan mita 12 zuwa 13, kwana yake nema ko ba ka nema ba. Na gangarowar maza mai tsananin gudu doka ta ce kada ya gaza mita 50. Na ko'ina ya fi zama tsakanin 15 da 20. Lambar ba ita ce iyakar kwanar da za a iya sha ba, domin gwargwadon yadda aka kifa allon aka kuma danna shi ya tanƙware, gwargwadon yadda kwanar ke matsewa. Amma tana faɗa maka halinsa. Mai mita 14 yana da daɗi a hanya mai tauri, sai dai a yamutsattsiyar dusa faffaɗan bakinsa na kama duk tsibin da ya gamu da shi ya fizge ka. Mai mita 20 ba ya fizga, amma sai ka ba shi gudu da fili kafin ya nuna abin da ya iya.

Wannan lanƙwasa tsohuwar dabara ce. Sondre Norheim, mutumin Morgedal a yankin Telemark na Norwe, ya ba mutane mamaki da alluna masu ɗan matsattsen ƙugu a gasar da aka yi a babban birnin ƙasar a 1868. Amma fiye da shekaru ɗari bayan haka alluna sun ci gaba da zama dogaye, sirara, kusan miƙaƙƙu. A wancan zamani, ɗaga hannu sama ake yi, inda wuyan hannu ya kai nan ne tsawon allonka, namiji baligi ba ya jin ya cika sai da santimita 200 ko fiye. A farkon shekarun 1990 ne kamfanin Elan na Sulobeniya ya fito da SCX, mai faffaɗan baki da wutsiya da siririn ƙugu, Kneissl na Ostiriya ma ya fito da irin nasa. Cikin 'yan shekaru tsawon alluna ya faɗi warwas. 'Yan tsere suka yi ta gajarta nasu har sai da hukumar wasan ta duniya, FIS, ta kafa iyaka. Yau a gasar kewaya sanduna allon namiji ba ya gaza santimita 165, na mace 155. A gangarowa mai gudu kuwa na namiji ba ya gaza 218. Gwani ɗaya, jiki ɗaya, amma tsakanin allunansa biyu akwai fiye da rabin mita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsawon mutum ba shi ne ke yanke tsawon allo ba.

Sai siffar allon idan an kwantar da shi a ƙasa aka dube shi ta gefe. Na gargajiya yana da doro: tsakiyarsa a ɗage, kusa da baki da kusa da wutsiya ne ke taɓa ƙasa. Idan mutum ya taka, doron ya baje, nauyi ya bazu a duk tsawon ƙarfen gefe, shi ke ba da riƙo a kan ƙanƙara, shi ke kuma wurgo ka daga wata kwana zuwa wata. Matsalarsa a dusa mai zurfi ita ce bakin na son lumewa, sai mutum ya koma baya ya zauna a kan dunduniya don ya ɗaga shi, cinyoyi su yi ta ƙuna. Wani ɗan wasa mai suna Shane McConkey ya lura cewa zurfafan dusa ta fi kama da ruwa fiye da ƙasa, har ya ɗaura maƙalin takalmi, wato abin da ke riƙe takalmi a kan allo, a kan allunan zamiyar ruwa ya gangaro da su wani dutse. Daga wannan tunani kamfanin Volant ya fito da Spatula a 2002, allon da aka juya doronsa: tsakiya a ƙasa, baki da wutsiya a sama. A zurfafan dusa abin mamaki ne, a kan hanya mai tauri kuma abin tsoro. Abin da ya wanzu daga wannan gwaji shi ne haɗin da kusan duk allon ko'ina ke da shi yanzu, doro a ƙarƙashin ƙafa, ɗagaggen baki a gaba, wani lokaci da ɗan ɗagin wutsiya.

Yawan ɗagin nan yana iya rufe gibin faɗi. Allo mai ƙugu 90 da ɗagaggen baki mai kyau yana tafiya lafiya a sabuwar dusa mai zurfin santimita 15 ko 20, abin da tsohon mai doro zalla ba zai yi cikin sauƙi ba. Wutsiyar ma tana da nata labarin. Shimfiɗaɗɗiyar wutsiya mai ƙarfi tana riƙe kwana har ƙarshe, amma ba ta yafiya: ka koma baya kaɗan ta ɗauke ka da gudu. Ɗagaggiya tana sakin kwana duk lokacin da ka so, abin da ake buƙata a cikin bishiyoyi da tsakanin tsibin dusa.

Abin da ke cikin allon ba a ganinsa, amma ƙafa na jin sa. Zuciyarsa katako ce, ana lulluɓe ta da zaren gilashi ko na kabon, wasu kuma a sa musu falle ɗaya ko biyu na wani ƙarfe mai suna Titanal, wanda akasarinsa alminiyum ne. Ƙarfen yana shanye girgiza, allon ya lafe a ƙasa ko da ana gudu a kan kakkaryayyar dusa. Völkl Mantra da Nordica Enforcer sun yi suna a wannan ɓangare. Kuɗin da ake biya shi ne nauyi, da kuma cewa allon ba ya tanƙwaruwa sai an danna shi da ƙarfi. Mai kilo 60 da ke tafiya a hankali ba zai taɓa tanƙwara irin wannan allo ba, allon da bai tanƙwara ba kuwa ba ya shan kwana, jan mai shi kawai yake yi. Masu sauƙin nauyi irin su Ripstick sun fi daɗin juyawa, ba sa gajiyar da ƙafa, amma idan gudu ya yi yawa a ƙasa mai tauri bakinsu na kaɗawa.

Yanzu tsawo, inda aka fi yin gardama. Ƙa'idar da kowane mai shago zai faɗa ita ce a tsayar da allon a gabanka, bakinsa ya faɗo tsakanin haɓa da ƙoluwar kai: haɓa ga sabon shiga, hanci ko ido ga matsakaici, ƙoluwa ko sama da haka ga gwani. Mafari ne mai kyau, amma allo bai san tsawonka ba. Abin da yake ji shi ne nauyin da ke danna shi da gudun da ake yi da shi. Tsawon mutum yana shiga lissafi ne ta gefe guda, dogo idan ya rinjaya gaba ko baya yana buƙatar allo mai isasshen tsawo da zai tare shi.

A ɗauki mutum mai tsawon santimita 175. Kamfanoni kan jera allo ɗaya da tazarar santimita 6 ko 7, misali 163, 170, 177, 184. Idan nauyinsa kilo 68 ne, yana shan kwana da alluna a jere amma bai saba da gudu ba, 170 ya ishe shi a allo mai ɗagaggen baki kaɗan. Idan nauyinsa kilo 95 ne da wannan tsawon, 170 zai riƙa tanƙwarewa fiye da kima a ƙarƙashinsa, ya kasa riƙe shi a ƙasa mai tauri, 177 ne nasa. Idan kuma gwani ne mai son buɗaɗɗen gangare da dogayen kwanoni, 184 ba zai yi masa yawa ba. Mutum uku, tsawo ɗaya, allo uku.

Ɗagin baki da wutsiya yana sauya lissafin gaba ɗaya, a nan ne mutane da yawa ke sayen gajere ba su sani ba. Abin da ke aiki a kan ƙasa mai tauri shi ne sashen ƙarfen gefe da ke taɓa ta, ba tsawon da aka rubuta ba. Allo mai santimita 180 da aka ɗage bakinsa da wutsiyarsa sosai yana iya zama a ƙafa kamar mai 170 na gargajiya, ko ƙasa da haka. Don haka wanda ya saba da 170 a allon gyararriyar hanya, idan zai koma na ko'ina mai ɗagi, yawanci sai ya ƙara santimita 5 zuwa 8. Mai wutsiya a murɗe sama irin na masu tsalle-tsalle, wanda ake ɗaura takalmi kusa da tsakiyarsa, shi ma gajere yake zama a ƙafa, saboda abin da ke gabanka ya ragu. Ƙari a kan haka, ba duk kamfanoni ke awo iri ɗaya ba. Wasu na bin lanƙwasar allon da tef, wasu na miƙa tef daga baki zuwa wutsiya, sai ka jera alluna biyu da aka rubuta wa lamba ɗaya ka ga wani ya ɗara wani da santimita ɗaya ko biyu.

Wasu na ƙara tsawo don su samu tasowa a kan dusa mai zurfi. Lissafin bai goyi bayansu sosai ba. Daga 177 zuwa 184 ƙarin fili kusan kashi 4 cikin ɗari ne kacal. Ƙara milimita 12 a faɗin allon da matsakaicin faɗinsa 100 ne kuwa kashi 12 ne. Faɗi da ɗagin baki su ke tayar da allo sama. Abin da tsawo ke bayarwa daban ne: natsuwa a gudu, da wurin jingina gaba da baya idan dusa ta sauya a ƙarƙashinka ba zato, kamar ka fito daga tauri ka faɗa caɓi, allon ya ja birki, jikinka ya wuce gaba. Gajeren allo a nan kifar da mutum yake yi. Shi ya sa ga dusa mai sauye-sauye na fi karkata ga ɗan tsawo a kan ɗan gajarta, muddin allon ba mai tsananin tauri ba ne. Idan mutum ya faɗa tsakanin tsawo biyu: allo mai ƙarfe biyu da shimfiɗaɗɗiyar wutsiya, ɗauki gajeren, mai laushi da ɗagi gaba da baya, ɗauki dogon.

Mata ba su da wata ƙa'ida daban. Allunan da ake tallata musu sau da yawa na maza ne da aka sauya wa fenti aka fito da su a gajerun tsawo, wani lokaci da ɗan rage tauri. Nauyi, iyawa da gudu su ne ma'auni. Yara kuma tsakanin ƙirji da haɓa, kada a saya musu dogo wai za su girma su cike shi.

Idan aka matsa mini in faɗi lamba, ga yadda nake gani. Mai wasa a Alps ko Sikandinabiya ko gabashin Amurka da Kanada, wanda mafi yawan lokacinsa a kan gyararriyar hanya yake, yana leƙa gefenta idan an yi sabon zubi, ƙugu 82 zuwa 90 ya fi masa, da lanƙwasa mita 15 zuwa 17. Mai zama kusa da tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, inda dusa ta fi yawa da laushi, 95 zuwa 102. Mai zuwa Hokkaido a tsakiyar hunturu ya yi hayar mai 110 a can, kada ya saya don tafiya ɗaya. Wanda kuma iyakarsa zauren Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005, ko irinsa na cikin gini a Ingila da Holan, gangaren gajere ne, dusar ta inji ce, siririn allo gajere da suke bayarwa a wurin shi ne daidai.

Ga mai zuwa dutse mako ɗaya a shekara ma, sayen allo ba dole ba ne. Takalmi ne ya cancanci kuɗin farko, domin duk umarnin da ƙafa ke ba allo ta cikinsa yake bi, idan dunduniya na yawo a ciki, allon da ya fi kowanne tsada ba zai ji magana ba. Da takalminka a jaka, kana iya hayar allo gwargwadon abin da gari ya waya da shi, ka kuma huta da kuɗin ɗaukar dogon kaya a jirgi. Wanda ya saya kuma ya tuna cewa maƙalin takalmi yana da birki mai hannaye biyu da ke sauka idan allo ya kuɓuce, faɗinsa dole ya yi daidai da ƙugun allon ko ya ɗara shi kaɗan, kada ƙarin ya wuce milimita 15. Ƙarfin da maƙalin zai saki takalmi idan an faɗi ana saita shi ne bisa nauyi, tsawo, shekaru, tsawon takalmi da iyawa. Aikin mai gyara ne a shago, ba na sukudireba a ɗakin otal ba.

Akwai wani haɗari da faffaɗan allo ya kawo wanda ba a rubuta a jikinsa ba. Da can sai gwani ke iya barin gyararriyar hanya, saboda siraran alluna ba sa barin kowa. Yanzu matsakaicin ɗan wasa yana iya kutsawa inda ilminsa bai kai ba. Zaftarewar dusa na kashe mutane kimanin ɗari a kowace shekara a Alps. Ma'aunin haɗarin a Turai daga 1 zuwa 5 yake, kusan rabin mace-macen kuma a mataki na 3 suke faruwa, matakin da mutane ke ɗauka tsaka-tsaki ne. A Turai, da zarar ka wuce sandunan da ke gefen hanya, ba wanda ya tabbatar maka da lafiyar gangaren. Na'urar neman wanda dusa ta binne, da shebur, da sandar lalube, da sanin yadda ake aiki da su, da abokin tafiya ko jagora, duk suna cikin kuɗin allon "ko'ina" ga mai niyyar zuwa ko'ina da gaske.

Shaguna da yawa a gindin dutse suna ba da allo a gwada, wasu ma su cire kuɗin gwajin daga farashi idan an saya. A gwada allo ɗaya a tsawo biyu, a gangare ɗaya, sau ɗaya da safe ƙasa na da tauri, sau ɗaya bayan azahar ta yamutse. Wanda ya yi gajere za ka ji bakinsa na rawa idan ka sake shi, yana juyawa fiye da yadda ka umarce shi, kana kuma yawan rinjaya gaba idan ka shiga tsibin dusa. Wanda ya yi tsawo za ka ji wutsiyarsa na maƙalewa a ƙarshen kwana, kana ɗaga ƙafar ciki don ka juya, kana komawa baya a kan dunduniya a wuri mai tsananin gangara, cinyoyinka kuma sun gaji tun kafin cin abincin rana.